BABI NA TARA: GASAR ƘIRƘIRA TSAKANIN MANYAN MANHAJOJIN KWAMFUTA DA MATSAYIN RUBUTUN HAUSA A CIKINSU

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ƙa'idojin rubutun Hausa da yadda malami zai koyar da su a kan allo da takarda. Sai dai rubutu a yau bai tsaya ga alli da biro ba. Takardun jarrabawa da tsarin darasi da wasiƙun ofis duk a kwamfuta ake buga su, kuma saƙonnin da malamai ke aika wa juna ta wayar salula suke bi. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, ita ma hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa da kwamfuta take gudanar da jarrabawar ƙwarewa. Ke nan ɗalibin da ke shirin zama malamin Hausa ba shi da makawa sai ya san abin da ke gudanar da waɗannan na'urori, da kuma yadda kowannensu ya karɓi harshen da zai koyar.

Wannan babi zai kwatanta manyan manhajoji da ke gasa da juna a duniya ta fuskar ƙirƙira. Daga nan za a dubi yadda gasar ta shafi haruffan Hausa, sannan a auna sakamakon a kan yanayin ƙaramar hukumar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna.

9.1 Manufar Babi

A ƙarshen wannan babi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar babbar manhaja da ayyukanta;
(b) bambanta matakan ƙirƙira guda uku;
(c) kwatanta gudummawar Windows da manhajojin Apple da Linux da Android;
(d) bayyana dalilin da ya sa haruffa masu ƙugiya ke ɓacewa a wasu rubuce-rubuce;
(e) zaɓar manhajar da ta dace da makarantar da aka tura shi, tare da kafa hujja.

9.2 Ma'anar Babbar Manhaja

Kwamfuta ta ƙunshi sassa biyu. Akwai gangar jiki, wato abubuwan da ake iya taɓawa, kamar allon rubutu da fuskar na'ura da ma'adana. Akwai kuma manhaja, wato jerin umarnin da aka rubuta domin gangar jikin ta bi. Manhaja iri biyu ce. Ƙananan manhajoji su ne waɗanda ke yin aiki guda, kamar buga rubutu ko lissafi ko kallon hoto. Babbar manhaja kuwa ita ce wadda take fara tashi idan an kunna na'ura, take raba wa ƙananan manhajoji lokaci da gurbi, take karɓar abin da aka danna a allon rubutu ta nuna shi a fuska, take kuma adana fayiloli da kare su.

Ana iya kwatanta ta da sarkin kasuwa. Shi ba ya sayar da hatsi ko tufafi, amma shi ke ba kowane ɗan kasuwa rumfa, ya tsara hanyoyi, ya raba gardama, ya kuma tabbatar da mudun da za a yi awo da shi. Idan sarkin kasuwa bai amince da wani mudu ba, babu mai awo da shi a kasuwar. Haka nan idan babbar manhaja ba ta san wani harafi ba, da wuya ƙananan manhajojin da ke kanta su sarrafa shi yadda ya kamata. A nan ne maganar ta shafi malamin Hausa kai tsaye.

9.3 Matakan Ƙirƙira

Sau da yawa masu gardama a kan wace manhaja ta fi ƙirƙira sukan cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe.

Mataki na farko shi ne farawa, wato samar da dabarar da ba a taɓa gani ba. Na biyu shi ne kyautatawa, wato ɗaukar dabarar da wani ya fara a gyara ta har ta yi daɗin amfani. Na uku shi ne yaɗawa, wato sauƙaƙa farashinta da hanyar samunta har ta isa hannun talaka. Misali daga tarihin rubutun boko zai ƙara haske. Waɗanda suka tsara haruffan boko na Hausa daban, waɗanda suka daidaita su a Hukumar Talifi ta Zariya a shekarun 1930 daban, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a watan Janairu na 1939 ta taimaka wajen kai su garuruwa da ƙauyuka. Kowane rukuni ya yi aikin da in babu shi sauran ba za su wadatar ba. Da wannan ma'auni za a dubi manhajojin da ke tafe.

9.4 Taƙaitaccen Tarihin Gasar

A shekarar 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina babbar manhajar Unix a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka. A wancan zamani mutum yakan rubuta wa kwamfuta umarni ne kalma bayan kalma, kuma kuskuren harafi ɗaya ya isa ya hana aiki tafiya. Haka abin yake a manhajar MS-DOS ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito tare da kwamfutar IBM a 1981.

Dabarar amfani da tagogi da ƙananan hotuna da ɓeran kwamfuta, wadda kowa ya saba da ita yanzu, ba Apple ko Microsoft ne suka fara ta ba. Douglas Engelbart ya nuna ɓeran kwamfuta a bainar jama'a a 1968, sannan masu bincike na kamfanin Xerox suka gina kwamfutar Alto a 1973 mai aiki da tagogi. Steve Jobs ya ziyarci cibiyar Xerox a ƙarshen 1979 ya ga wannan aiki. Kamfaninsa na Apple ya fitar da Lisa a 1983 da Macintosh a 1984, Microsoft kuma ya biyo baya da Windows a 1985. A 1988 Apple ya kai Microsoft ƙara bisa zargin kwaikwayon fasalin manhajarsa, shi ma Xerox ya kai Apple ƙara a 1989. Ƙarar Xerox ba ta yi nisa ba, ta Apple kuma ta faɗi a kotun ɗaukaka ƙara a 1994.

Idan aka ɗora wannan labari a kan ma'aunin da aka kawo a sama, za a ga Xerox ne ya fara, Apple ya kyautata, Microsoft ya yaɗa, musamman bayan fitowar Windows 95. Ana cikin haka sai wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fitar da Linux a 1991, ya buɗe wani sabon fage a gasar.

9.5 Kwatanci Tsakanin Manhajojin

9.5.1 Windows

Babbar dabarar Microsoft ta kasuwanci ce kafin ta zama ta fasaha. Kamfanin ya sayar wa masu ƙera kwamfuta da yawa lasisin manhajarsa, ya bar su suna gasa da juna a kan farashi. Wannan ya sa kwamfuta ta yi araha, masu gyaranta suka yawaita, masu rubuta ƙananan manhajoji kuma suka karkata gare ta domin a nan masu saye suke. Windows 95 ta sauƙaƙa haɗa na'urar buga takarda da makamantanta ba tare da dogon saiti ba. Kamfanin ya kuma kula da cewa tsohuwar manhaja ta ci gaba da aiki a kan sabuwar Windows, abin da ya sa ofisoshi da bankuna suka daɗe tare da shi.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Yawan masu amfani da Windows ya sa ta zama abin hari ga masu rubuta ƙwayoyin cutar kwamfuta, kamar yadda aka gani a watan Mayu na 2017 lokacin da WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila. Sannan kowace Windows tana da wa'adi. An daina kula da Windows XP a 2014, Windows 7 a 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 da ta fito a 2021 tana buƙatar wasu sassan tsaro waɗanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da su.

9.5.2 Manhajojin Apple

Apple ya bi hanya daban. Shi ke ƙera na'urar, shi ke rubuta babbar manhajarta, kuma ba ya sayar wa wasu kamfanoni lasisinta a yanzu. Wannan ya ba shi damar daidaita gangar jiki da manhaja sosai. A 2001 ya fitar da Mac OS X wadda aka gina a kan tushen Unix. A 2007 ya fitar da iPhone, wadda ta sa sarrafa waya da yatsu a kan gilashi ya zama ruwan dare, duk da cewa an yi wayoyi masu fuskar taɓawa kafin ita. A 2008 ya buɗe shagon manhajoji na App Store. A 2020 kuma ya fara sa wa kwamfutocinsa masarrafar M1 ta ƙirar kansa, wadda ta rage cin batir ƙwarai.

Ƙarfin Apple yana ga mataki na biyu, wato kyautatawa. Rauninsa yana ga mataki na uku, domin tsadar na'urorinsa da ƙarancin masu gyara su a wajen manyan birane sun taƙaita masu iya mallakarsu.

9.5.3 Linux

Abin da Linux ta zo da shi sabo shi ne hanyar gina manhaja. Richard Stallman ya fara shirin GNU a 1983 da nufin samar da manhajar da kowa zai iya karanta asalin rubutunta, ya gyara, ya raba wa wasu. Daga 1992 Linux ta shiga ƙarƙashin lasisin wannan shiri, sai dubban masana daga ƙasashe daban-daban suka riƙa haɗa hannu a kanta, kamar aikin gayya. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga wannan tushe ne aka sami nau'o'i irin su Debian a 1993, da Ubuntu a 2004, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa.

Dabaru da dama sun daɗe a Linux kafin su bayyana a wajen abokan gasarta. Tun shekarun 1990 masu amfani da Debian ke ɗauko manhajoji daga rumbu guda amintacce, alhali shagon Mac ya buɗe ne a 2011, na Windows kuma a 2012. Tun wajen shekarar 2000 ake iya tayar da Linux daga faifai ba tare da an girka ta a kwamfuta ba, yanzu kuma daga filashi. Daga watan Nuwamba na 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da Linux suke aiki. A 2016 Microsoft da kansa ya samar da hanyar gudanar da manhajojin Linux a cikin Windows. Duk da haka ba ta sami karɓuwa sosai a kwamfutocin gida da ofis ba, saboda yawancin kwamfutoci da Windows ake sayar da su, kuma jama'a sun fi sakin jiki da abin da suka saba.

9.5.4 Android

Google ya sayi ƙaramin kamfanin Android a 2005, wayar farko mai wannan manhaja kuma ta fito a 2008. An gina Android a kan ƙashin bayan Linux, sannan aka bi dabarar Microsoft ta barin kamfanoni da yawa su ƙera na'urar. Cikin 'yan shekaru ta ture Symbian ta Nokia da BlackBerry, har Microsoft ma ya janye daga kasuwar manhajar waya. A Nijeriya, inda wayar salula ta GSM ta fara aiki a 2001, wayoyi masu sauƙin kuɗi irin su Tecno da Itel da Infinix sun kai Android hannun manomi da ɗan tireda da malamin firamare. Mutane da yawa a ƙasar Hausa ba su taɓa mallakar kwamfutar tebur ba, wayar Android ce kwamfutarsu ta farko. A mataki na uku, wato yaɗawa, babu manhajar da ta kai ta. Matsalarta ita ce wayoyi masu araha kan daina samun sabuntawar tsaro da wuri, kuma ƙaramar fuska ba ta dace da dogon rubutu ba.

9.6 Haruffa Masu Ƙugiya a Fagen Gasar

Daidaitacciyar Hausa tana da haruffa ɓ da ɗ da ƙ, sai kuma 'y da ake rubutawa a Nijeriya, wanda a Jamhuriyar Nijar ake rubuta shi ƴ. Ƙugiyar nan tana bambanta ma'ana. Dubi waɗannan misalai:

Sarki ya tafi fada. / Sarki ya tafi faɗa.
An kai shanu kara. / An kai shanu ƙara.
Ya kafa gida. / Ya ji ciwo a ƙafa.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII na shekarun 1960 ya tanadi lambobi 128 kacal, waɗanda suka wadatar da Ingilishi amma babu gurbin haruffan Hausa a ciki. Shi ya sa a farkon zuwan kwamfuta masu buga littattafai da kundayen digiri kan buga k ko d ko b, sannan su bi da biro suna sa ƙugiya, ko su bar rubutun haka nan.

Mafita ta farko ta zo ne ta hanyar salon haruffa. Apple ya ƙirƙiro fasahar TrueType, ya ba Microsoft lasisinta, ta shiga Windows a 1992. Wannan ya ba masana damar zana nasu haruffan. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da salon haruffan Hausa, ciki har da Rabi'at, wanda ya yi wa sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi da maɗaba'u hidima ta shekaru masu yawa. Dabarar ita ce a ari gurbin haruffan da Hausa ba ta amfani da su, sai q ya fito a matsayin ƙ, x a matsayin ɗ, v a matsayin ɓ. A ido rubutun daidai yake, amma a cikin na'ura lambar q ce ke nan ba ta canza ba. Da zarar an kai fayil ɗin kwamfutar da ba ta da wannan salo, ko aka ɗora shi a intanet, sai a ga qasa da xaya da varawo a maimakon ƙasa da ɗaya da ɓarawo.

Mafita mai ɗorewa ita ce Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa. Injiniyoyin Xerox da na Apple ne suka fara aikinsa a 1987, aka fitar da kashin farko a 1991. Microsoft ya gina Windows NT ta 1993 a kansa. Ken Thompson, wanda ya fara Unix, shi da Rob Pike suka tsara UTF-8 a 1992, hanyar adana Unicode da mafi yawan shafukan intanet ke bi a yau. Wato harafin ƙ da ke fitowa daidai a wayar ɗalibi sakamakon aikin abokan gasa ne da suka yarda da mudu ɗaya.

Bayan lamba, saura hanyar shigar da harafin. A nan ma kowace manhaja ta yi nata ƙoƙari. Microsoft ya fassara fuskar Windows Vista da Windows 7 zuwa Hausa, ya kuma sa allon rubutun Hausa a cikin Windows, wanda ake zaɓa daga sashen saitin harshe. Linux tana da tsarin allon rubutu na Nijeriya mai ɗauke da zaɓin Hausa, kuma a tsakiyar shekarun 2000 wani kamfanin Nijeriya ya fitar da Wazobia Linux da Hausa da Yarabanci da Ibo. A Android, allon Gboard yana da Hausa, inda ake danne k ko d ko b na ɗan lokaci har mai ƙugiyar ya bayyana, kuma a 2024 Google ya ƙara Hausa cikin harsunan da ake iya yi wa waya shifta da baki. Apple ya ba da damar sa allon rubutu na wasu kamfanoni a iPhone daga 2014, sannan ya sa allon Hausa nasa a 2023. Akwai kuma manhajar Keyman ta kyauta da ke aiki a kan dukkansu. Saboda haka malamin da ya buga takardar jarrabawa babu ƙugiya a yau ba shi da uzurin da magabatansa suke da shi.

9.7 Nazarin Misali: Birnin Gwari

Ba a sanin amfanin ƙirƙira sai an kai ta inda za a yi aiki da ita. Birnin Gwari masarauta ce kuma ƙaramar hukuma a yammacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 120 daga birnin Kaduna, a kan hanyar da ta nufi Tegina ta Jihar Neja. Tana da gundumomi irin su Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi, waɗanda ke da nisa da juna. A cikinta ne dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Fiye da shekaru goma 'yan bindiga sun yi amfani da dazuzzukan yankin a matsayin maɓoya, abin da ya jawo asarar rayuka da rufe makarantu da tare hanya. A ƙarshen Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar, har da Birnin Gwari, bisa buƙatar gwamnatin jiha, wadda ta sanar da janye matakin a ƙarshen Nuwamba na shekarar. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin bayan wani sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara da ta daɗe a rufe.

A ɗauka an tura sabon malamin Hausa wata ƙaramar sakandare a wannan yanki, ya tarar da tsofaffin kwamfutoci uku da aka ba makarantar kyauta. Tambayoyi huɗu ya kamata ya yi kafin ya yanke shawara.

Tambaya ta farko: shin manhajar za ta yi aiki babu intanet? Abin da ya faru a 2021 ya nuna cewa layi na iya ɗaukewa na tsawon makonni. Sababbin manhajoji da yawa an gina su ne bisa zaton intanet ba ya yankewa, har wasu na neman a shiga da asusu tun wajen girkawa. Linux tana girkuwa daga filashi, kuma nau'o'inta da yawa suna zuwa da LibreOffice na buga rubutu da lissafi. Da manhajar Kiwix ana iya adana kundin Wikipedia ta Hausa a karanta ba tare da layi ba.

Tambaya ta biyu: shin na'urar za ta iya ɗaukar manhajar? Kwamfutar da ta kasa ɗaukar Windows 11 ba ta mutu ba. Akwai nau'o'in Linux marasa nauyi, kamar Lubuntu, da ke tayar da irin waɗannan na'urori su kuma ci gaba da samun sabuntawar tsaro. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tambaya ta uku: wa zai gyara idan ta lalace? A nan Windows ta fi, domin mafi yawan masu gyara da masu shagon buga takardu ita suka sani. Malamin da ya sa Linux dole ya koyi gyaran ƙananan matsaloli da kansa, ya kuma koya wa wani abokin aikinsa, don kada kwamfutocin su zama kayan ado ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Na'urorin Apple kuwa, duk da ingancinsu, tsada da nisan masu gyara sun fitar da su daga lissafin irin wannan makaranta.

Tambaya ta huɗu: ina wuta? Inda lantarki bai wadata ba, wayar Android ta fi kowace na'ura, domin ƙaramin faifan sola ya isa ya caja ta, tana ɗaukar murya da hoto, kuma ana tura fayil daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender babu kuɗin data.

Daga waɗannan amsoshi za a ga cewa babu manhaja guda da ta cinye duka. Shawarar da ta fi dacewa ita ce a bar Windows a kan kwamfutar da ta fi ƙarfi domin ɗalibai su saba da abin da za su tarar a ofisoshi da shagunan buga takardu, a sa Linux a kan sauran biyun, a kuma yi amfani da waya wajen tattara bayanai. Abin da zai haɗa su duka shi ne Unicode, domin fayil ɗin da aka rubuta da shi yana buɗewa daidai a kowaccensu.

Ga aikin aji da zai gwada wannan. Malami ya sa ɗalibai su tambayi iyayensu da dattawa da tsofaffin maharba na cikin gari sunayen itatuwan da aka sani a yankin, ba tare da kowa ya shiga daji ba. Za su samo sunaye irin su doka da maje da taura da kaɗanya da ɗorawa da ƙirya da baushe. Su ɗauki muryar mai bayani a waya, su rubuta sunan da amfanin kowace bishiya, sannan a jera su bisa tsarin abbaci a kwamfuta. Idan da salon Rabi'at aka buga, na'ura za ta jefa ɗorawa can ƙarshen jeri domin x take gani, ta kuma raba ƙirya da sauran kalmomin da ke kusa da k. Wannan kuskure da ɗalibai za su gani da idonsu ya fi dogon bayani saurin fahimtar da su bambancin siffar harafi da lambarsa. A garin da ke da masu jin Gbagyi ko Fulatanci ana iya ƙara sunayen da suke kiran itatuwan, kasancewar Fulatanci ma yana amfani da ɓ da ɗ da ƴ.

9.8 Kammalawa

A wannan babi an bayyana babbar manhaja a matsayin mai tsara dukkan ayyukan na'ura. An rarraba ƙirƙira zuwa farawa da kyautatawa da yaɗawa, aka nuna cewa kamfanonin da ke gasa sun yi ta aron dabarun juna tun daga zamanin Xerox. An ga Apple ya yi fice wajen kyautatawa, Windows da Android wajen yaɗawa, Linux kuma wajen buɗe ƙofar aikin gayya. An kuma bi tarihin haruffa masu ƙugiya daga biro zuwa salon Rabi'at zuwa Unicode. Misalin Birnin Gwari ya nuna cewa wuta da layin sadarwa da kuɗi da masu gyara su ne ke yanke hukunci a kan manhajar da za ta amfani makaranta. Nauyin da ke kan malamin Hausa shi ne ya saita allon rubutun Hausa a duk na'urar da ya samu, ya mayar da tsofaffin fayilolin sashensa zuwa Unicode, ya kuma hana ɗalibansa sabawa da rubutu marar ƙugiya tun suna ƙanana.

9.9 Tambayoyin Auna Fahimta

1. Mece ce babbar manhaja? Kawo ayyukanta guda huɗu.
2. Bayyana matakan ƙirƙira uku, tare da misalin kowanne daga tarihin tagogin kwamfuta.
3. Kwatanta hanyar kasuwancin Microsoft da ta Apple, ka nuna tasirin kowacce ga farashin na'ura.
4. Me ya sa rubutun da aka buga da salon Rabi'at ke sauyawa idan an kai shi wata kwamfuta? Ta yaya Unicode ya magance wannan?
5. Kawo tagwayen kalmomi biyar waɗanda ƙugiya kaɗai ta bambanta ma'anarsu, ka sa kowace kalma a jimla.
6. Jinga: Zaɓi wata makaranta a ƙaramar hukumarku, ka amsa tambayoyi huɗu na sashe na 9.7 a kanta, sannan ka rubuta wa shugaban makarantar wasiƙar shawara mai shafi ɗaya, bugaggiya da haruffan Unicode.